Rediyon da na sa aka ɗora wa matata

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfin ɗaukar buhu a sito na tashar jiragen ruwa ta Jidda, na yi wa babban ɗana abin da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Maganar ta daɗe da wucewa, shi ma ya ce ba komai in faɗa, don haka bari in ba ku.

A Kano na bar shi wurin mahaifiyarsa tun yana ƙarami. Ni ina nan, sai aike da waya da zuwa jefi-jefi. Da ya girma ya shiga soja, aka sa shi ɓangaren sadarwa. Shi ke gyara oba-oba da rediyon da sojoji ke magana da su a daji. Ya yi shekaru a haka, har ƙarar bindiga ta taɓa masa kunnen hagu, aka sallame shi da takardunsa cikin mutunci.

Ni kuwa na riga na gama tsara masa rayuwa ban tambaye shi ba. Na roƙi kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya yarda zai yi masa iƙama, takardar izinin zama, na samo masa gurbi a wani shagon gyaran waya a unguwar Bagdadiyya. Har katifa na saya na jingine a ɗakina. Duk majalisarmu ta shan shayi a unguwar Bab Makka ba wanda bai ji cewa sojana zai dawo kusa da ni ba.

Da ya zo umra, sai ya zaunar da ni ya ce hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana ɗaukar tsofaffin sojoji masu ilimin na'ura. Ya nema, kuma an ɗauke shi. Ya ce aikinsa kula da injin haska kaya ne a filin jirgi, da oba-oba, da kyamarori, in sun lalace ya gyara. Yana faɗa fuskarsa tana haske, ni kuwa na ɗaure tawa.

Wanda bai zauna nan ba ba zai gane ba. Mu rayuwarmu a kan saƙo take. Duk mai tahowa daga gida sai an ɗora masa ƙulli, mai komawa ma haka. Kuma saƙo ba a buɗe shi, ba a tambayar abin da ke ciki, don tambayar ma zargi ce. A idonmu, ma'aikatan nan su ne masu kwance wa iyayenmu mata ƙullin kuka da daddawa a bainar jama'a. Sai na ce masa, "Ka tuɓe kakin soja don ka koma leƙen jakar tsofaffi? Shi ke nan, je ka yi, amma ba da yawuna ba."

Ya ce, "Baba, ba jaka zan leƙa ba, inji zan gyara."

Na ce da mai yanka da mai wasa masa wuƙa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ya gama umrarsa ya koma, ya kama aiki.

Shekara biyu ban ɗauki wayarsa ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira. Abin dariyar, ranar Juma'a nakan tabbatar wayar ta cika da caji, in ajiye ta kusa da gwiwata, don kawai in ga tana ƙara in ƙi ɗauka. In ya makara da minti goma kuma sai in fara tsaki ni kaɗai.

Ana haka sai Allah ya nufi mahaifiyarsa da zuwa umra. Wani mutum a majalisarmu, wanda ban san shi ba sai a bakin kofin shayi, ya ja ni gefe. Ya ce mahaifinsa ya rasu can gida Kano, abin da kawai yake so cikin kayan shi ne tsohon rediyon da marigayin ke jin labarai da shi. Idonsa har da ƙwalla. Na ce wannan ai ba abin roƙo ba ne, na ba da kwatancen gidana aka kai. Da matata ta ce za ta nuna wa ɗanta tukuna, na rufe ta da faɗa a waya, na ce kada wanda ya taɓa amanar mutane.

Ranar da ta sauka, tun a mota na tambaye ta rediyon. Ta ce in bari mu isa. Da muka shiga ɗaki ta sha ruwa, sannan ta ba ni labari.

Ana gobe za ta taso, ɗanmu ya zo auna mata jakunkuna. Ya ci karo da rediyon, ya tambayi na waye, ta faɗa masa. Ya ce, "Umma, wa ke kai rediyo Jidda? Ai daga can ake kawo mana." Ya ɗaga shi a tafin hannu ya ce nauyin ya fi ƙarfin irinsa. Ya juya bayan, ya ga jikin duk tsatsa amma kan notinan da sabon karce. Ta ce masa babanka ya ce kada a taɓa. Ta ce ya daɗe zaune da shi a cinya, sannan ya ce, "Baba zai ƙara fushi da ni. Amma gara ya yi fushin kina da rai."

Da ya kwance, an cire lasifikar, an cusa ƙwayoyi a leda har baki. Nan take ya kira shugabanninsa. Suka zo suka ɗauka, suka yi mata tambayoyi yana tsaye kusa da ita, daga baya aka kama wanda ya kawo. Mai hawayen nan kuwa ban sake ganin ƙeyarsa a Bab Makka ba.

Ku da ke nan kun san hukuncin wannan kaya a ƙasar nan kisa ne. Da ya shigo a jakarta, ba wanda zai saurari labarin rediyon marigayi. Matar da ta yi mini rainon 'ya'ya ita kaɗai, ni da bakina na hana a duba mata kaya. Na kalle ta tana murza ƙafarta da ta kumbura a jirgi.

Sai ta ciro wani ɗan ƙulli daga jakar hannu. Ta ce, "Malam, ya ce a ba ka. Ya ce wannan kam ka buɗe."

Sukundireba ce ƙarama, mariƙinta ya goge don aiki. Ta ce ita yake yawo da ita tun yana soja, kuma da ita ya kwance rediyon. Babu wasiƙa, babu komai.

Washegari Juma'a ce. Na yi niyyar in riga shi kira, kunya ta riƙe mini hannu har wayar ta yi ƙara. Na ɗauka. Ya ce, "Baba, barka da Juma'a," kamar jiya muka rabu. Na fara cewa ya yafe mini. Sai ya katse ni, ya ce kunnensa ba ya jin irin wannan magana daga bakina, in dai faɗa masa ko Umma ta ci abinci.

Da na zauna na yi tunani, ba al'adar saƙo nake karewa ba a shekarun nan biyu. Katifar da na saya ce, da bakin da na cika a majalisa. Ina son ɗana kusa da ni, ban iya faɗa ba, sai na zagi aikinsa. Yanzu yakan zo umra ya kwana a kan katifar, ya koma wurin injinansa, in raka shi da addu'a.

Har gobe ina karɓar saƙo, don ba mu da wata hanyar. Amma duk wanda ya kawo, sai in shimfiɗa tabarma in ce mu buɗe tare. Wasu sukan ɓata rai, su ce ba haka aka saba ba. Sai in ciro sukundirebar daga aljihu in ce su yi haƙuri, ɗana ne ya aiko mini, kuma na riga na ƙi jin maganarsa sau ɗaya.