Kadangaren Gada

Kafin a yi gadar, Babanmu igiya yake tufkawa. Rumfarsa tana bakin kogi, dab da inda jiragen fito suke tsayawa, kuma duk mai kwale-kwalen da ke son igiyar da ba za ta ba shi kunya a tsakiyar ruwa ba, wurinsa yake zuwa. Tafin hannunsa ya yi kanta, har Inna kan hana shi shafa kan jariri, wai zai tashe shi daga barci.

Shekarar da aka haifi yayata aka fara aikin. Aka yi shekara uku ana gina hasumiya biyu, ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan, tsakaninsu ba komai sai ruwa. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai gada ce marar ƙafa, rataye ta za a yi kamar shanya. Da Baba ake dariyar.

Wata safiya ma'aikata suka ɗauko igiyar farko a jirgi za su tsallaka da ita, don da ita za a jawo wayoyin ƙarfe. Sau biyu ƙullin da ya haɗa ta da wata igiyar yana zamewa, igiyar tana komawa ruwa. Baba yana kallo daga rumfa har abin ya ishe shi. Ya taso ya karɓi bakin igiyar ba tare da ya tambayi kowa ba, ya warware tufkar, ya saƙa ta cikin 'yar'uwarta, ya miƙa wa injiniyan da ke kula da aikin.

"Yallaɓai, a ja. In ta zame, a jefa ni ruwan."

Aka ja, ba ta zame ba. Injiniya ya juya saƙar yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, ka san aikin waya?"

Baba ya ce, "Waya ai igiya ce mai taurin kai."

A ranar aka ɗauke shi aiki.

Abin da bai faɗa wa Injiniya ba shi ne, ko tsani ya hau sai kansa ya juya. Aikin kuwa a sama yake. An shimfiɗa wata siririyar hanya ta katako daga kan hasumiya zuwa hasumiya, iska tana kaɗa ta. Wani gargare mai gudu a kan igiya yana ɗauko waya mai kaurin fensir daga wannan gaɓa ya kai waccan, ya dawo, ya sake komawa, sau dubbai. Ma'aikata suna tsaye a kan katakon suna jera wayoyin, kada wata ta yi sako-sako, kada wata ta hau 'yar'uwarta. A ƙarshe za a matse su wuri ɗaya su zama igiyar da mutum biyu ba sa iya rungumewa, ita za ta ɗauki gadar gaba ɗaya.

Ranar farko Baba ya leƙa ƙasa, ya ga jiragen fito sun koma kamar takalma. Sai ya kwanta rub da ciki. Haka ya yi aikin wunin, yana jan ciki yana ɗaga kai. Kafin la'asar sunansa ya koma Kadangare. Bayan sati biyu ya fara miƙewa, bayan wata uku ya zama shi ake kira in waya ta rikice, amma sunan ya riga ya zauna.

A gida ya ce wa Inna a sito aka sa shi, yana gadin kaya. Wata rana ya manta da abincinsa, ta biyo shi da kwano. Ta tambayi mai igiya, ba wanda ya gane. Sai wani mai walda ya ce, "Au, Kadangare? Ga shi can," ya nuna sama. Inna ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame. Can ta hango mijinta ɗan mitsitsi, yana ɗaga mata hannu. Ta nemi dutse ta zauna, ta buɗe kwanon, ta cinye abincin tas saboda haushi.

Da ya dawo gida ta ce, "Malam, siton naka ke nan?"

Ya ce, "Shi ne. Benensa ne dai ya ɗan yi tsawo."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Ranar buɗe gada gari ya fito kaf. Aka yanke ƙyalle, aka ce bismillah, amma ba wanda ya taka. An ji labari cewa gadar tana motsi in iska ta taso, kuma gaskiya ne, haka aka gina ta. Baba ya saɓa yayata a wuya ya kama hanya. Inna ta bi shi da faɗa: "Ajiye mini 'yata! Kai da ka saba da hauka ka tafi kai kaɗai!" Yana tafiya tana binsa, tana lissafa masa laifuffukansa tun daga na shekarar aurensu. Ba ta farga ba sai da ta ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta. Ta waiga, ga jama'a sun cika gadar suna tafe a bayanta suna tafi.

Baba ya zauna da gadar shekara ashirin da takwas, yana fenti yana duba wayoyi. Ni na taso ina jin ƙanshin fenti a rigunansa. Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta hana shi hawa, amma kullum da hantsi sai ya taka ta daga wannan baki zuwa wancan, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sandarsa. In ya ga tsatsa, kai tsaye ofis yake wucewa. Injiniyar da ke wurin yanzu sa'ar ƙanwata ce. Ta gaji da tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, sai ta sa aka ajiye masa kujera kusa da taga.

Jiya na je ɗauko shi, na same su sun sunkuya a kan wata takarda suna gardama.

"Baba, na'ura ta duba wurin nan, ta ce lafiya lau."

"'Yata, na'urar ta taɓa hawa?"

Ta yi dariya, ta ɗauki hular kwanonta, ta ce in jira shi ya gama shayinsa, ita za ta je ta gani da idonta.