Kan Burtun Babanmu

Babanmu maharbi ne a ƙasar da daji ya ƙare. Daga ƙauyenmu har Tsanyawa gona ke bin gona, ko zomo sai ya yi sa'a zai sami mafaka. Amma shi bai daina sassaƙa kan burtu ba, wato kan tsuntsun nan na itace da maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi rarrafe har gaban nama bai gane mutum ne ba. Yakan shafe mako guda a gindin tsamiya shi kaɗai, ya gyara baki, ya naɗe wuya da fata, ya jera jajayen 'ya'yan tsiron idon zakara a maƙogwaro. Abokan farautarsa duk sun rasu ko sun koma sayar da taki.

Ni kuwa da na zama malamin firamare sai na koyi tawa dabarar: farin kaftani, da yin shiru idan ana zancen iyaye.

Wata Alhamis bayan girbi, muna dawowa daga makaranta da wasu malamai biyu, sai ga baƙin tsuntsu a gonar da aka gama sarewa, yana caccakar ƙasa, ya tsaya ya waiga. Wallahi aikin ya yi kyau, kurciyoyi na kiwo dab da shi ba su tashi ba. Ɗaya malamin ne ya hango diddige. Suka fashe da dariya.

"Wane tsoho ne wannan? Akuyar wa zai harba?"

Na san diddigen nan, ni nake sayo masa man kaɗanya. Na yi dariya tare da su, har na fi su. Tsuntsun ya ɗago ya dube mu, ya ci gaba da kiwonsa.

Bayan la'asar na sami babanmu yana goge ƙurar kan burtun. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na zauna kunya na ci na, ina fatan ya yi min faɗa in huta.

"Shekara arba'in ina koyon ɓuya," in ji shi, "kullum diddige ke tona min asiri. Kai kuwa, Malam, ko ni da na haife ka sai da na duba sau biyu."

Bai taɓa ce min Malam ba sai ran nan. Har ya rasu da shi yake kirana, ban sake jin sunana a bakinsa ba.