Shekara Bakwai Babu Goggo, Babu Ƙanzo

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan marka, da muka rasa Goggo Hansatu. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a hannunta na koyi duk abin da na sani game da murhu da tukunya. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata sadakar waina ko ƙosai, a raba wa yaran layi. Bana ban yi ba, don babu abin yi. Shi ya sa na ce bari in yi mata rubutu, tunda shi ba ya cin mai, ba ya cin itace.

Duk unguwarmu a nan Funtua an san Goggo da abu ɗaya, wai ba ta iya tuwo ba. Ba a gabanta ake faɗa ba, don tana da baki, amma ana faɗa. Kullum tuwonta sai ya kama. Da yamma ƙauri zai tsallake katanga, maƙwabta su haɗa ido su ce Hansatu ta sauke. Ni kaina ina budurwa kunya nake ji idan ƙawayena suka zo daidai lokacin. Har na taɓa yin ƙarfin hali na ce ta riƙa rage wuta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in tashi in ɗebo ruwa.

Sai ana gab da aurena ta zaunar da ni a bakin murhu ta nuna mini. Ashe da gangan take yi. Gidanmu gida ne mai yawan masu ci, kuma ta ce duk abin da mara ta kwaso daga tukunya a ranar zai ƙare, ko da buhu guda ta tuƙa. Amma abin da ya manne a gindin tukunya babu mai iya cinsa a ranar. Don haka idan tana kwasa takan bar tuwon da ɗan kauri a jikin tukunya, ta bar shi a kan garwashi ya gasu ya yi ja. Da safe ta kankare da wani tsohon cokali wanda gefensa ɗaya ya cinye saboda aiki, ta baza a faifai, ta ɗora a kan rufin akurki. Idan ya bushe ƙayau sai ta juye a wata randa da ta tsage ta daina riƙe ruwa, ta rufe, ta danne da dutse. Idan an dace malmala ta ragu bayan ɗumame, ita ma takan yanyanka ta falle-falle ta shanya tare. Haka take yi tun daga kaka har ƙarshen bazara. Da ruwa ya kankama sai ta tsaya, domin ta ce a marka tuwo ba ya bushewa, hunhuna yake yi.

Ba a ɗaga dutsen nan sai damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sabuwar masara kuma ba ta nuna ba. A lokacin ne za ta jiƙa ƙanzo ta kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, ta ƙara masa auki da dafaffen zogale ko tafasa. Wata rana kuma ta daka ta dama kunu da tsamiya. Matan nan da ke cewa ba ta iya tuwo ba su ne ke aiko 'ya'yansu da ƙwarya. Ta zuba, ta danna, ta ƙara, sannan ta ce, "A ce wa uwarka ga ƙonannen tuwo nan, ta yi haƙuri da ƙauri." Ban taɓa ganin ta hana kowa ba, ban kuma taɓa ganin ta bar kowa ya fita ba tare da ta soka masa magana ba. A gidanta ruwan wankin tsaki na awaki ne, dusa ta kaji ce, ƙashin miya kuwa sai ya shiga tukunya sau biyu kafin kare ya gan shi.

Akwai mutum ɗaya da ba ta jira a aiko. Iya Tambai aminiyarta ce, tare aka kawo su aure daga Bakori. Daddawa take saidawa, har gwiwoyinta suka ƙi. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu duk sun riga ta, ta rage ita kaɗai a wani ɗaki a ƙarshen lungunmu. Tun daga nan kowace safiya Goggo take zuba ɗumame a wani koren kwano mai ɓantararren murfi ta kai mata da kanta, su zauna su yi gulmar duniya. Da ciwon Goggo ya yi tsanani ba ta yi mini maganar zannuwanta ko awakinta ba. Ta sa aka miƙo mini cokalin kankara da koren kwanon, ta ce, "Indo, ga kwanon Tambai. Kada hantsi ya same shi a gidanki." Na ce mata to. Aure bai kai ni nesa ba, lungu biyu ne tsakanina da Iya Tambai.

Shekarun farko ban ji nauyinsa ba. Maigidana manomi ne, yana da gonar gado can yamma da Dandume, yana kawo masara da dawa da waken suya, ni kuma ina koyarwa a firamare. Malmala biyu nake sa wa Iya, da miya mai mai. Sai hanyar gonar ta lalace. Waɗanda suka matsa sai sun je, wasunsu ba su dawo ba sai da aka sayar da abin da aka noma da wanda ba a noma ba aka kai wa 'yan bindiga. Maigidana ya haƙura da gonar, ya karɓi hayar wata 'yar ƙarama a hanyar Bakori. Shekarar farko taki ya gagare shi. Shekarar da ya yi ƙoƙari ya zuba, da kaka ta zo farashi ya faɗi, ya sayar bai maida ko kuɗin takin ba. Yanzu mutumin da yake ɗaure buhuna a ƙofar gidansa shi ne ke tsayawa a gaban mai awo ana auna masa tiya. Ina ganin yadda yake ɓoye ledar a bayan riga idan zai shigo layi.

A gidana ƙanzo ya mutu, kuma ban san ranar da ya mutu ba. Itace ya yi tsada, saboda haka da tuwo ya sulala nake zare wuta in yayyafa mata ruwa don gobe, babu garwashin da za a bar wa tukunya. Tuwon ma ruwa-ruwa nake yinsa don ya kai. Ɗan abin da ya manne, yara na tsaye a kaina, da yatsa suke lashe shi tun yana ƙona su. Randar Goggo tana nan a kusurwar tsakar gida, ni na gaje ta. Tsofaffin takalman yara ne a ciki.

Wani lokaci a makaranta abokan aikina kan nuna mini matan nan na cikin waya masu koyar da yadda ake sarrafa ragowar abinci. Wata za ta buɗe firij ta ce idan shinkafarki ta kwana, ga kuma ragowar kaza, sai ki fasa ƙwai uku. Nakan yi dariya har in ji haushi. Ragowar kaza a gidan wa? Da Goggo na nan na san sai ta karɓi wayar ta kalla har ƙarshe, sannan ta tambaya ko matar tana da adireshi, a aika yara da ƙwarya. Amma idan na yi tunani da kyau, ba na jin za ta yi raha. Duk hikimarta a kan abin da ya rage ta gina ta. Ta san talaucin da ke zuwa da damina ya tafi da kaka. Ba ta san wanda ke zama shekara ya zagayo ba, kuma ina tsoron da ta ga tukunyata sai ta rasa ta cewa, ita da ban taɓa ganin ta rasa ba.

Kwanon Iya Tambai ya bi gidan yana ramewa. Malmala biyu ta koma ɗaya, ɗayar ma ta ƙanƙance. Mai ya fita daga miya, daddawa ta bi shi, ya rage kuka da gishiri. Kafin in raba wa yara da yamma nake cire nata in kife a ƙarƙashin ƙwarya, suna kallo. Iya ba ta taɓa ƙorafi ba. Takan karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Makon jiya muka yi kwana biyu ba a ɗora tuwo ba, kunu kawai aka sha. Safiyar farko na kai mata kunun. Safiya ta biyu babu ko shi. Na daɗe ina juya kwanon a hannuna, har hantsi ya same shi a gidana. Daga ƙarshe na saka hijabi na ɗauke shi haka nan wayam, na ce gara in je in faɗa mata da bakina da ta zauna tana kallon ƙofa.

Na same ta a bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafafu a tabarma. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi kwanon, ba ta miƙo hannu ba, don tun daga riƙon da na yi masa ta gane. Na fara kame-kame, ta tare ni.

"Bari, ɗiyar nan. Shiga ki jawo mini tukunyar da ke bayan gado."

Tukunyar daddawarta ce ta da, an rufe bakinta da faifai an danne da dutse. Ina ganin dutsen na tuna randar Goggo. Na ɗaga. Busasshen tuwo ne, falle-falle, ya kusa cika ta. Tuwona ne, na gane shi.

"Iya, mene ne wannan?"

"Tun bara da kaka na ga malmala ta fara ƙanƙancewa, na san gidan ba lafiya. Sai in ci rabi in shanya rabi. Hansatu ta koya mini, ai ba ke kaɗai ta koya wa ba. Ɗauki ki kai wa yara."

Sai a lokacin na dubi hannuwanta da kyau. Kullum ina ganinta, amma na ɗauka tsufa ne ke cin ta. Malmalar da nake jin kunyar ƙanƙantarta, ashe rabinta kawai ke shiga cikinta, tun kaka har faɗuwar ruwa. Na ce wallahi ba zan ɗauka ba. Ta ce to in bari, ita ba ta da haƙoran cinsa, ɓeraye su yi godiya. Bakin Goggo sak. Na so in yi fushi, kuka ya riga shi. Na tuna yaran da na baro suna zaune shiru, abin da yara ba sa yi, na juye tuwon a gefen hijabina na fito.

Na jiƙa shi, na roƙo ƙuli-ƙuli a maƙwabta, na tsinko tafasa a bayan makaranta, na kwaɗa. Yara suka ci har suna lashe hannu, suna tambaya me ya sa ba na yi musu irin wannan kullum. Ni ban iya ci ba. Amanar da aka bar mini ita ce in ciyar da tsohuwa, ga shi tsohuwar ce ke ciyar da 'ya'yana da abin da ta hana cikinta. Ba na jin akwai ranar da na ji ƙasƙanci da baƙin ciki kamar wannan, kuma ban san wa zan kama da laifi ba. Idan na ce maigidana, ya yi iyakar yinsa. Idan na ce masu mulki, ba su san da lungunmu ba.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Goggo bayan shekara bakwai, zan ce cokali yana nan, ba shi da abin kankara. Randa tana nan. Matan da ta cika wa ƙwarya wasu sun mutu, wasu sun tashi, waɗanda suka rage kowa ta kulle ƙofarta lokacin cin abinci, kuma ban ga laifinsu ba. Iliminta bai ɓace ba, amma ba a wurina ya zauna ba, ni da ta riƙe. Ya zauna a wurin tsohuwar da ba ta da murhu. Abin da na kwaso daga tukunyar Iya, idan na tsuke hannu, zai kai mu wasu 'yan kwanaki. Masara kuwa sai nan da makonni, kuma ba tamu ba ce.

Jiya na tuƙa ɗan tuwo da garin da maigidana ya samo, na cire na Iya na kife. Yau da safe na ɗumama na kai mata tun rana ba ta ɗaga ba, ko da yake babu ranar ma, hadari ne ya rufe gabas. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta tambayi yara da sunayensu. Sannan ta buɗe kwanon, ta raba malmalar gida biyu, ta jawo faifai ta fara yanyanka rabin a kai.

Na ce, "Iya, marka ake yi. Ba zai bushe ba. Don Allah ki ci."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Indo. Miƙa mini shi bakin ƙofa, ko rana za ta leƙo."

Na miƙa shi bakin ƙofa. Kafin in kai ƙarshen lungu aka fara yayyafi. Allah Ya jiƙan Goggo Hansatu, Ya sa ta huta, Ya kuma sa ba ta ganin abin da muke ciki.