Ranar da Dattijo Ya Rasu Yana Tunani

Duk abin da zan manta a zamana na jami'a, ban da ranar da na haɗa manhajojina biyu kokawa a rumfar kawuna a Sabon Birni.

Ina shekarar ƙarshe a fannin kwamfuta, aikina shi ne in rubuta manhajoji biyu masu buga darar Turawa, wato ces, in gwada su. Ta farko ba ta motsi sai ta bi kowace hanya: in na ci nan, ya ci can, sai me? Ta biyu kuwa da ta hango hanya ba ta ɓullewa sai ta watsar da ita, ta kama wata. Babu wuta a gida, shi ya sa na tafi rumfar kawu inda yake cajin wayoyi, 'yan dara kuma suke taruwa.

Da na yi musu bayani, kawu ya nuna ta farko ya ce, "Wanga shi ad dattijo, shina tauna magana. Za ni bi bayanshi."

Abokin hamayyarsa a dara, wani makiyayi daga Tsamaye, ya ɗauki ta biyu, wai ai kiwo ne, ba a kai shanu inda ba ciyawa. Suka shirya cewa wanda tasa ta faɗi zai riƙa kiran ɗan'uwansa malam har damina. Babu wanda ya san dokar wasan a cikinsu, amma gardama har da tsayuwa.

Aka fara. Ta makiyayi kan yi motsi nan take, Dattijo kuwa sai an sha shayi an wanke kofi. Wasa ya yi nisa, an cinye wa Dattijo ɗan dararsa da ake kira doki, ya shiga wani dogon tunani. Muna cikin jira sai man janaretan kawu ya ƙare, batirin kwamfutata da ma ya tsufa, allo ya yi baƙi. Ni hankalina ya tashi, don sai na sake gwajin daga farko. Makiyayi ya gyara sandarsa ya ce a fara kiransa malam.

Kawu ya tafa hannu, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba a kada shi ba. Kwananshi ne ya ƙare."

Har yau ba su rabu da wannan shari'a ba. Ni kuwa tun ranar na gane cewa tunani komai kyansa, in bai zo kan lokaci ba, sai dai a yi masa ta'aziyya.