Shanun Baffa da Tsutsar Ganye

Ranin da ake ta zaɓuɓɓukan da soja za su miƙa mulki ga farar hula, na ƙarshen nan, ina gidanmu a Wudil ina wankan jegon ɗana na fari. Mai jego ba ta da aiki sai wanka da shan kunun kanwa da kasa kunne. Ɗakin da aka ajiye ni kuwa bango ɗaya ne da zaure, don haka babu abin da ya wuce ni.

Babanmu yana da gona a hanyar Utai da ɗan lambu a bakin kogi. Yana kuma da amini, wani Bafulatani dogo marar yawan magana, da muka tashi muna kira Baffa. Duk kaka, da an cire amfani, Baffa zai sauka da shanunsa a gonar. Su ci karan dawa da harawa, su bar mana kashi, Baba ya riƙa kwasa a mangala yana kai wa lambu. Tun kafin a haife ni haka suke yi. Idan damina ta kawo kai za su tashi, Baffa yakan rataye dangwalinsa, igiyar da ake ɗaure maruƙa, a wata ƙusa a zaurenmu. Ba ya cewa zai dawo, igiyar ce ke faɗa.

A shekarar ne wata cuta ta faɗa wa lambun. Ganyen alayyahu da na tumatir suka cika da wani farin zane mai lanƙwashe-lanƙwashe, kamar an cusa zare a cikinsu. Baba ya kawo mini ɗaya ya ce in ɗaga wa rana, tunda idona ya fi nasa. Sai ga ’yar tsutsa a tsakanin fatar ganyen, tana ci tana gaba. Daga nan ganye ya bushe ya zube, mata a kasuwa su juya alayyahun su ajiye.

Baba mutum ne da in abu ya lalace sai ya sami wanda zai ɗora wa, kuma ni na gado shi, ba na musu. Ya duba ya ga ƙudaje sun yi dandazo a kan tsibin takin da ke gefen lambu, ya tona ya ga tsutsa a ciki. Shi ke nan, ya gama bincike. Tsutsa a taki, tsutsa a ganye, ai abu ɗaya ne. Ga kuma masu neman ƙuri’a suna yawo da lasifika, suna cewa da farar hula sun hau takin zamani zai yi arha har ƙauye. Baba ya haɗa wannan da wancan, ya yanke hukunci.

Da hantsi Baffa ya zo da ƙwaryar nono da man shanu da matarsa ta aiko wa mai jego. Suka daɗe suna gaisawa, ya tambayi jariri, ya tambayi ruwan zafi. Sai na ji Baba ya gyara murya.

“Aminina, ka ga abin da ya sami lambuna? Ƙudan kashin shanunka ne. Su ke zuba mini tsutsa a ganye.”

Baffa ya ce, “Ashe? Wallahi ban sani ba, Malam.”

“Baɗi ka nemi wata gonar. Takin gwamnati zan koma.”

“To, Allah ya ba da haƙuri. Allah ya mayar da alheri.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, ga nonon mutumin a gabana ko murfi ban buɗe ba. Da na yi wa Inna ƙorafi sai ta ce in bar su, ba yau suka fara ba, kafin kaka sun manta. Amma ranar da Baffa ya tashi da shanunsa, ya zo ya yi sallama cikin mutunci, ya tafi da dangwalinsa a kafaɗa.

Farar hula suka hau. Takin zamani ya zo wa waɗanda ya zo wa, Baba ya sami ɗan abin da ya samu. Ranin da ya biyo baya babu kashin saniya ko ɗaya a lambun, babu ƙudan taki, amma farin zanen ya dawo, har ya fi na bara. Na je gida na iske Baba a zaure da ganye a hannu yana jujjuyawa. Ya ce da ni, “Ba shanunsa ba ne.” Tausayinsa ya kama ni har na manta ina jin haushinsa.

Daga nan duk kaka Baba ba ya bari a taɓa karan gonar. Maƙwabta su roƙa don danni, ya hana, yana ajiye wa shanun Baffa. Kowace Juma’a yana kara, kasuwar shanu, yana tambayar Fulani ko sun ga wane. Wani ya ce sun yi kudu, wani ya ce an gan su wajen Darki sun wuce. Mu duka mun ɗauka fushi Baffa yake yi, kuma muna ganin yana da gaskiya.

Bayan wasu shekaru, Baba ya tsufa har sai an riƙe shi, ya yi kiciɓis da babban ɗan Baffa a kara. Ya jawo shi har gida, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni ma ranar ina nan. Saurayin ya ce Baffa ya rasu tun daminar da ta wuce. Baba ya yi salati, sannan ya ce, “Ɗana, ya tafi yana fushi da ni ko?”

“Fushi kuma, Baba? Ai duk shekara ta nan muke wucewa. In mun kusa gonarka sai ya sa mu zagaya ta nesa. Yakan ce kada a bar ko saniya ɗaya ta yi kashi kusa da gonar amininsa, mun riga mun cuce shi sau ɗaya.”

Baba ya ɗaga ido. Yana ta kallon ƙusar nan ta bango, hawaye na bin gemunsa, saurayin kuma yana ta ba shi haƙuri, bai san nauyin abin da ya faɗa ba.