Hitar Manjan Kawu

Kowa cewa yake wutar lantarki ce ta ƙone hitar nan. Har yau in zancen ya tashi a gidanmu na Samaru sai ka ji an ce ai da ƙarfi aka dawo da ita ranar. Ba haka ba ne. Wuta lafiya lau ta dawo, mu ne muka bar mata ƙofa a buɗe.

Ina gama sakandare Kawu ya ɗauke ni aiki a shagonsa na manja a Chikaji. Daga Kudu ake kawo masa a durom, mu juye a tanki, famfo ya tura ta bututu, mu ɗura a jarka. Da zafi babu matsala. Sanyi na shigowa sai manja ya daskare kamar kakide, sai an hura itace a gindin tanki, kuma ni ce mai hurawa. Idona kullum ja. A motar Samaru ɗalibai har matsawa suke don warin hayaƙi. Na ce wa Kawu ko a sa hita ko in zauna a gida.

Ya gaji da mitata, ya tafi kasuwar Sabon Gari shi kaɗai, ya dawo da wata guntuwa mai kauri yana ta fara'a. Mai gyaran wutarmu, wani dattijo ɗan Kudancin Kaduna da muke kira Baba, ya jujjuya ta a hannu.

"Alhaji, wannan ta ruwa ce fa. Ruwa na kwashe zafi da sauri, manja kuwa nawa gare shi. Doguwa ake sa masa, mai ba da zafi a hankali."

"Hita ai hita ce," in ji Kawu. "'Yan jami'a har wake suke dafawa da ita a bokiti."

"To, amma ba a manja suke dafa shi ba."

Haka dai Baba ya saka ta cikin wani faffaɗan bututu gaban famfo. Ya so ya haɗa su yadda in famfo ya tsaya ita ma ta mutu, Kawu ya ce a bari sai gaba. Sai Baba ya bar mana doka: famfo ake fara kunnawa, manja na tafiya sannan hita.

Ta yi aiki kuwa. Na daina hawaye, har kwalli na koma sawa.

To mu a shagon, kamar kowa a layin, in aka ɗauke wuta ba ma kashe komai. Rediyo a kunne, fanka a kunne, don su ne za su gaya mana an kawo. Wata Juma'a aka ɗauke da hantsi. Maza suka tafi masallaci, ni na tsallaka titi wajen mai awara, hira ta yi daɗi. Aka kawo wuta ba kowa. Shi famfo sai an danna masa maɓalli yake tashi. Ita hita ba ta jiran kowa.

Daga wajen mai awara na jiyo ƙaurin, har na ce mata, "Maman yara, manki ya ƙone." Ta ce, "Ke dai duba naku."

Manjan da ke tsaye a bututu ya koma baƙi ƙirin, hita ta tsage a ciki. Kawu ya dawo da darduma a kafaɗa, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya ce, "Gobe a kawo itace."

"Kawu, ba ni zan hura ba."

"Ke kika kawo mana wannan bala'in na Turawa. Itace ya taɓa kunna kansa?"

Aka kira Baba. Ya zaro hitar, ya ɗaga ta kamar ɓeran da tarko ya kama, yana dariya. Ya ce ko ba a yi wannan ba, da ma kwananta ya kusa ƙarewa, ya nuna mana baƙin dattin da ya daɗe da manne mata. Kawu ya ce shi dai ƙafarsa ba za ta sake taka kasuwa don hita ba, ya shige ofis.

Baba ya dube ni. "'Yata, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Itace."

"Cewa ya yi shi ba zai je ba. Bai ce kar a je ba."

Na leƙa ofis na tambaya ko mu je mu sayo wata. Kawu bai ɗago kai ba. Ya ce in ta sake ƙonewa, ni da murhu har damina.

Nan take na yanke shawara. Asabar da sassafe zan tasa Baba gaba zuwa Sabon Gari da awon bututunmu, mu zaɓo doguwa. Kuma ba zan bar shi ya naɗe wayoyinsa ba sai ya ɗaura ta da famfo, ina tsaye a kansa ina ganin inda kowace waya ta shiga.