Ƙarar Babur Ɗina

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Haka al'ada take a gidanmu na Wurno. A hannun kakata na tashi. In na shiga gaida Inna, sai ta kau da kai ta ce wa wanda ke kusa, "A ba baƙon ga ruwa." Na san kunya ce, kowa ya sani. Amma wallahi har na yi furfura abin yana cina a rai: shin matar nan tana tunanina kuwa?

Ƙanwata, autarmu, ita ce 'yar jarida. Lokacin da ake yayin bidiyo ta zo da kyamara, wai za ta ɗauki Inna tana ba da labarin da. Tab! Inna na ganin an saita ta, ta ja mayafi har hanci ta ce, "Mi za ni ce? Duniya duk ta kalle ni?" Ba a samu ko kalma biyar ba.

Daga baya auta ta koma yin fodkas, shirin murya zalla da ake saurare a waya. Ta ce mai ban-ruwan albasa ba ya da idon kallo, amma kunnensa a sake yake, ga shi shirin bai cin data. Ta sake zuwa, ta gaya wa Inna murya kawai za a ɗauka, ta ajiye waya a gefen tabarma. Inna na tsintar shinkafa, hira ta yi daɗi.

Ina kan babur a hanyar Rabah zuwa Goronyo, inda nake koyarwa, na sa shirin a kunne. Na ji auta ta tambaye ta wa ya fi ba ta wahala cikin 'ya'yanta.

Inna ta ce, "Wancan na farin. Da yay yi ƙyanda yana ɗakin kakarshi, ban iya zuwa in ɗauke shi gaban surukai. Bayan zana nika tsayawa ina sauraren numfashinshi. Da kunne na rene shi. Ko yanzu, tun daga bakin kasuwa nika gane ƙarar babur ɗinshi."

Na tsaya a gindin wata bishiyar bedi, na kashe babur, na yi kuka. Wani mai jaki ya wuce yana ce mini sannu, ya zaci ƙwaro ne ya faɗa mini a ido.

Ranar Juma'a na je gida. Ban ce mata na ji ba, ai da na kunyata ta. Na durƙusa na gaishe ta, ta kau da kai kamar kullum, ta ce a ba baƙo ruwa. Sai a ranar na lura ba wanda ya tashi zuwa randa. Ruwan yana nan cikin kwano a bakin ƙofa, an riga an ɗebo shi tun kafin in yi sallama.